Nas mai fara'a da nas mai ƙirga numfashi

Kwana tara na yi ina jinyar Mma a wani asibiti nan cikin Kumasi, limoniya ce ta kama ta ga kuma ciwon sukari da ta daɗe da shi, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san dare a asibiti tsawo gare shi, ba ka barci ba ka farke, kana kan benci ko kan tabarma a baranda sauro na cinka kana kallon masu kore da fari suna shiga suna fita. A wannan zaman na fara tunanin abin da zan rubuta nan.

Nas biyu ne suka fi yin dutin dare a ɗakin. Ɗaya yarinya ce mai fara'a, da ta shigo sai ta ce "Hajiya sannu" da 'yar Hausarta ta unguwar Alabar da ta tsinta, ta gyara ma Mma filo, ta yi mata wasa, Mma kuwa har addu'a take mata, wai Allah ya ba ta miji na gari. Ɗayar babba ce, za ta kai shekara arba'in da biyar, ba ta dariya, gaisuwarta a taƙaice, in 'yan dubiya suka wuce lokaci ita ke korarsu. Yayyenmu mata da suka zo daga Aboabo da kwanon tuwo da miyar ayoyo ta hana su shiga su shida a tare, tun daga ranar suka sa mata suna "mai baƙin rai". Mu a zango haka muke auna nas ai, da fuska. In ka zauna a gidan suna ko wajen makoki aka ɗauko hirar asibiti ba za ka ji wani ya ce wance ta iya lissafin magani ba, sai dai wance ta zage ni, wance tana danna waya ina naƙuda, wance kuma mutuniyar kirki ce.

A dare na huɗu wajen ƙarfe uku, mai baƙin ran nan ta zo ta kama hannun Mma kamar tana jin bugun jini, amma na lura idonta ba a hannun yake ba, yana kan ƙirjin Mma, kuma ta daɗe, minti guda cur tana kallon agogon da ke maƙale a rigarta. Ta saki hannun ba ta ce min komai ba, ta je ta ɗauko wannan ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini, ta duba, ta fita da sauri, kafin minti goma ga likita, ga tukunyar iska an jawo. Jikin Mma bai yi zafi sosai ba, awon jininta ma ba laifi, ni da ke zaune kusa da ita ban ga komai ba sai dai ta ɗan yi shiru.

Da safe na kira ƙanwata, ita ma nas ce a wani asibitin gwamnati daban, na ba ta labari. Ta ce Yaya, numfashi take ƙirgawa. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, in ya haura 24 to an fara shiga haɗari, kuma sau da yawa numfashi ne ke fara canzawa kafin awon jini ya faɗi, wani lokaci da awowi. Dalilin kama hannu kuwa dabara ce, in ka ce ma mutum zan ƙirga numfashinka nan take zai canza shi ba da saninsa ba. Ta ce kuma shi ne awon da aka fi ha'inci a kansa, don awon jini inji ke yi, zafin jiki inji ke yi, numfashi kuwa sai ka tsaya da idonka minti guda, shi ya sa in ka buɗe folda da yawa za ka ga 20, 20, 20 an jera kamar an buga da hatimi. Na tuna mai fara'ar nan ban taɓa ganin ta tsaya ta kalli ƙirjin Mma ba, amma kullum tana cika takarda.

Ba wai ina cewa mugun hali alamar ƙwarewa ba ne, a'a, akwai masu ɗaure fuska da ba su iya komai ba kuma akwai masu fara'a da hannunsu ya faɗa, ƙanwata ma tana cikinsu in ba son kai ba. Abin da nake cewa shi ne abu uku ne a ɗaure da juna kamar igiyar guga, iya aikin, da kasancewar zuciyar mutum a cikin aikin, da kuma sanin kai, wato mutum ya san halin da yake ciki da iyakar iliminsa da abin da ke tunzura shi. Mu daga waje fuska kawai muke gani.

Wata malamar aikin jinya a Amurka, Patricia Benner, a 1984 ta kasa hanyar da nas ke bi zuwa ƙwarewa mataki biyar, daga sabon shiga har gwani, ta aro tsarin ne daga binciken da aka yi kan matuƙa jirgin sama da 'yan wasan dara irin ta Turawa. Sabon shiga da doka yake aiki, an ce in awo ya kai kaza a yi kaza, kansa duk ya cika da tsoron kar ya manta mataki. A ganinta sai mutum ya yi kamar shekara biyu zuwa uku a waje guda kafin ya kai matakin tsakiya. Gwani kuwa yakan shigo ɗaki ya kalli mara lafiya ya ji a jikinsa wani abu ba daidai ba tun kafin ya iya faɗin mene ne. Kamar mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, ce da ta shekara ashirin a bakin tukunya, ba ta auna ruwa, ƙamshi kawai ke gaya mata ya nuna.

To ina alaƙar wannan da zuciya a aiki? Ƙanwata ta ba ni amsa ba tare da ta san amsa take bayarwa ba. Ta ce lokacin da take sabuwa, in za ta sa ma yaro allurar ƙarin ruwa, jijiya ta ɓace, uwar na tsaye a kanta, hannunta rawa yake, ba ta jin kukan yaron ba ta ganin fuskar uwar, duk duniyarta ta taƙaita a kan wannan jijiyar, kuma in uwar ta yi magana sai ta daka mata tsawa ta ce ki fita waje. Ta ce Yaya wallahi ba rashin tausayi ba ne, tsoro ne, ba na so ta ga ban iya ba. Yanzu da hannunta ya saba, yatsunta na neman jijiya bakinta na yi ma yaron wasa idonta kuma ya lura cewa uwar ita ma ta yi fari fat tana buƙatar a auna jininta. Ka ga iya aikin ne ya 'yantar da hankalinta har ta samu sararin zama mutum. Tun da na ji wannan, in na ga ƙaramar nas tana tsawa ba dalili nakan tambayi kaina ko tsoro ne ya sa rigar faɗa.

Kuma a nan Gana akwai abin da ke ƙara dagula wannan matakin. Yarinya ta yi shekara uku ta difloma ko huɗu ta digiri, ta ci jarrabawar lasisi ta hukumar nas da ungozoma, ta yi shekara guda ta zagayen asibiti, sai kuma ta koma gida zaman jiran gwamnati ta ɗauke ta, sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin biyan albashi, shekara biyu, uku, wasu fiye. Akwai su a Asawase da Sawaba da Tafo Zango, wata na sayar da atamfa a WhatsApp wata na zaune a kantin momo, inda ake tura kuɗi ta waya. Ranar da takardar aiki ta fito za a tura ta ɗaki a ce ai nas ce mai lasisi, alhali hannun ya yi sanyi, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce na manta ba.

Shi kuma wannan da nake kira zuciya a aiki, masana a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Wilmar Schaufeli da abokan aikinsa, wajen 2002 suka yi masa ma'auni, suka ce alamunsa uku ne: kuzari, da jin cewa aikin na da daraja har kana alfahari da shi, da nutsewa cikinsa har lokaci ya wuce ba ka sani ba. Abin da ya ja hankalina shi ne hanyar ba ɗaya ba ce, tana zuwa tana komowa. Wanda ya iya aiki yana jin daɗinsa, wanda ke jin daɗinsa shi ke tsayawa ya tambayi likita me ya sa aka canza wannan maganin, shi ke komawa gida ya buɗe littafi, gobe ya ƙara iyawa. Wanda kuma aikin ya fita ransa, ko da ya taɓa zama gwani, sai ya koma cika takarda, ya je taron ƙarin ilimi don kawai ya samu makin sabunta lasisi ya sa hannu ya karɓi lemo ya tafi. Tsayawa minti guda ka ƙirga numfashin tsohuwa da ƙarfe ukun dare, ba mai ganinka ba mai yaba maka, ilimi kaɗai ba ya sa mutum ya yi shi, ita ma mai fara'ar ai an koya mata a makaranta.

Sai dai zuciya a aiki ba tare da sanin kai ba ita ma tana da nata haɗarin, kuma nan ne nake ganin mutane ba sa kula. Masu himmar nan su ne ba sa iya cewa a'a. A karɓar ma wance duti, a tsaya bayan an tashi, a fitar da kuɗin aljihu a saya ma mara lafiya maganin da inshora ba ta biya, a kai damuwar aiki gida a kwana da ita. Shekara biyar shida sai ka ga mutum ya ƙone kurmus. Christina Maslach, wadda tun wajen 1981 ta yi ma wannan gajiyar ma'auni, ta ce fuska uku gare ta, zuciya ta ƙare ba sauran abin bayarwa, sai mutum ya fara kallon waɗanda yake yi ma aiki kamar kaya ba mutane ba, sai kuma ya ji duk abin da yake yi ba shi da amfani. Hukumar lafiya ta duniya ma a 2019 ta sa shi cikin kundinta a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki. Wannan fuska ta biyun ita muke haɗuwa da ita a asibiti, ranar da uwarka ta daina zama Hajiya ta koma "gado na shida". Ba mamaki wadda ta kira ta haka shekara goma baya ita ce mai kuka in mara lafiyarta ya rasu, ba ta lura da lokacin da abin ya juya ba, ba kuma wanda ya zaunar da ita ya tambaye ta.

Sanin kai a bakinmu yakan yi kama da wa'azi, amma a ɗakin marasa lafiya kayan aiki ne kamar almakashi. Dutin dare awa goma sha biyu ne, takwas zuwa takwas. Nas da ta san cewa ƙarfe huɗun asuba kanta ba ya ja, ita ce za ta ce ma abokiyar aikinta zo ki duba min lissafin insulin ɗin nan kafin in yi, don maganin sukari in ya yi yawa kaɗan yana iya sumar da mutum. Ungozoma da ta san ba ta saba ba da maganin jijjigar masu ciki ba, wato magnesium sulphate, ita ce za ta kira babba, don shi ma sai ana bin numfashi da yawan fitsari da motsin gwiwa, in ya wuce kima numfashi yake tsayarwa. Wadda ba ta san iyakarta ba kuwa za ta yi shiru ta yi abin da ta ga dama, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shi ya sa ma nake ɗan ja baya da irin binciken da ake raba ma nas takarda a ce ki ba kanki maki a kan ƙwarewarki, daga baya a fito a ce masu ƙwarewa sun fi son aiki. To wa ya ce ta ƙware? Ita ta faɗa. Tun 1999 wasu masana biyu, Dunning da Kruger, suka nuna cewa waɗanda suka fi rauni a abu sukan kai kansu sama da inda suke. Mai sanin kanta tana iya ba kanta shida cikin goma alhali ta fi mai ba kanta tara.

Akwai kuma wani ɓangaren sanin kai da ya fi wannan ɗaci. Ƙanwata ta ce wata rana shugabar ɗakinsu, Ba'asantiya ce dattijuwa, ta ja ta gefe ta ce mata, na lura in matan zango suka zo kin fi yi musu faɗa fiye da kowa, me ya sa? Ta ce da farko ranta ya ɓaci, ita da take musu tafinta, ita da ake kira daga wani ɗaki in an kawo tsohuwar da ba ta jin Twi ba ta jin Turanci. Amma da ta kwana da maganar ta ga gaskiya ce. In mace ta zo da yaro jiki ya yi tsanani an kwana biyar ana jiƙe-jiƙe a gida, sai ta ji kamar ita aka tona ma asiri a gaban abokan aikinta, kamar ana cewa ga mutanenku nan kuma, sai ta huce kunyarta a kan matar. Ita kuma matar, da ta ga 'yar gida ce ta zage ta, gobe ba za ta faɗi abin da aka ba yaron ba, za ta ce ba a ba shi komai ba, likita ya rubuta magani bai san me ke cikin yaron ba. Ka ga inda abin da ke zuciyar nas ya shiga har cikin magani. Laifi tudu ne, da ba don dattijuwar nan ta faɗa mata ba, kuma ta faɗa mata a gefe ba a gaban ɗalibai ba, da har yau tana kan nata tana hango na wasu.

Wannan "a gefe" ɗin yana da muhimmanci. Aikin nas aiki ne na manya da ƙanana kamar soja, daga launin riga da ɗamara ake gane matsayi. A ɗakin da in ka yi kuskure za a tsayar da kai lokacin miƙa duti a wanke ka tas gaban kowa, ba wanda zai ce na yi kuskure, sai ɓoyewa, a gyara takarda a yi shiru. Sanin kai ba ya tsiro a inda faɗin gaskiya ke jawo wulaƙanci. Ana koyar da su a makaranta su riƙa zama bayan abu ya faru su rubuta me ya faru, me na ji, me zan canza, amma wa ke da lokacin wannan in ya tashi duti ya bi layin motar haya ta trotro a tashar Kejetia ya isa gida ga yara ga girki.

Kuma kar a ɗora komai kan halin mutum ɗaya. Linda Aiken da abokan aikinta a 2002 sun duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, suka ga duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara ma nas, yiwuwar mutuwar waɗanda aka yi ma tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, yiwuwar ita nas ɗin ta ƙone da gajiya kuma da kashi 23. Can fa ana maganar marasa lafiya huɗu zuwa takwas ne ga nas ɗaya. A ɗakin da Mma ta kwanta na ƙirga gadaje sun haura ashirin, nas biyu da ɗaliba ɗaya. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, minti guda na ƙirga numfashi sau ashirin da wani abu, sau nawa a dare, ga magani ga wanda ya cire ruwansa ga wanda aka kawo yanzu. Har mai fara'ar nan da na fara jin haushinta, da na yi wannan lissafin sai na ɗan sassauta, ko da yake ban yafe mata 20 ɗin ƙarya ba, gara ta bar gurbin ba komai.

Ga kuma tafiya. A 2022 kaɗai nas 'yan Gana sama da 1,200 suka shiga rajistar nas ta Birtaniya, duk da cewa Gana na cikin ƙasashe 55 da hukumar lafiya ta duniya ta lissafa a 2023 cewa ma'aikatan lafiyarsu sun yi ƙaranci, bai kamata a zo ana kwasarsu ba. Kuma ba sabbin shiga ke tafiya ba, waɗanda hannunsu ya faɗa ne, masu ɗakin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman, wato su gwanayen da ya kamata ƙananan su tsaya kusa da su su koya. Ko a manyan asibitoci irin Korle Bu da Komfo Anokye, da mu nan muke ce ma Gee, ana wannan kukan. Yajin aikin da ƙungiyar nas ta yi a watan Yuni 2025 kan sharuɗɗan aiki, a zango zaginsu aka yi ta yi, ni ma na yi, don akwai maƙwabciyarmu da ta sha wahala a lokacin. Amma ban ga yadda za a ce ma mutum sa zuciyarka a aiki ba alhali albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma ajinsu rabi suna turo hoto daga Manchester cikin rigar sanyi.

Mu ma 'yan jinya muna da namu. Mu zo mu goma, mu kawo rubutu da jiƙo a gora mu ɓoye ƙarƙashin gado, a ce kar a ba mai sukari koko mai sukari mu ba shi da an juya baya don wai tausayi. Ni da kaina na yi ma Mma fura a ɓoye rana ta shida, mai baƙin ran ta gani a awon sukarin yamma, ta zo ta tsaya a kaina ta ce "me kika ba ta", na yi ƙarya, ta kalle ni kawai ta ce in na sake za ta sa a hana ni kwana. Ba ta ɗaga murya ba. Daga baya ɗalibar ta gaya min wai ita in ranta ya ɓaci takan fita baranda ta wanke hannu ta dawo kafin ta yi magana, shi ya sa kullum hannunta a jiƙe.

Ranar da aka sallame mu Mma ta sa na nemo mai fara'ar ta damƙa mata sidi hamsin a dole, ta ƙi karɓa, aka yi ta ja. Ɗayar ba ta duti. Bayan wata biyu muka koma ganin likita, na hau sama da ledar wagashi da na saya mata a Aboabo, na tambaya, aka ce ai ta ajiye aiki, takardunta sun fito, tun makon jiya ta tafi. Na tsaya da ledar a hannu, sai ga mai fara'ar ta fito ta rungume Mma tana Hajiya Hajiya, yanzu ita ce babba a dutin dare, an ba ta sabbin yara biyu tana koya musu. Na ba ta wagashin.